Audugar mata mai wankuwa da kofin al'ada: abin da na gani bayan shekara biyu ina amfani da su

Shekara biyu ke nan da na daina sayen audugar mata irin wadda ake sawa sau ɗaya a jefar, na koma kan abubuwa biyu da ake wankewa a sake ɗauka, wato saitin audugar yadi mai guda shida da kofin al'ada guda ɗaya, wato ɗan kofin roba da ake sawa cikin farji ya tara jinin. Da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina a kansu, domin kaya irin wannan ba a yanke masa hukunci cikin wata ɗaya ko biyu. Sai ya ga zafi ya ga damina, ya ga ranakun da jini ke zuba da yawa da ranakun da mace ke kan hanya, sannan ake sanin halinsa. Zan yi maganar a fili ba tare da kwana-kwana ba, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na lura yawancin wahalar da mata ke sha da waɗannan kayayyaki tana tasowa ne daga abubuwan da ake jin nauyin faɗa musu tun farko.

Mace takan shafe shekara talatin da biyar zuwa arba'in tana al'ada, kuma kowane wata sai ta nemi abin da za ta tare jinin da shi. A ƙasashe masu tasowa wannan kuɗi na wata-wata yana gogayya da kuɗin abinci da na makaranta, shi ya sa za ka tarar da yarinya ta wuni da auduga ɗaya tun safe har dare, wata kuma ta koma ga tsumma ko takarda ko guntun katifa. Gwamnatoci da dama sun yi ƙoƙarin rage nauyin ta hanyar cire haraji. Kenya ta yi haka tun 2004, Indiya kuma ta soke harajin kashi 12 cikin ɗari da ke kan audugar mata a 2018. Wannan mataki ya kyautu, amma bai kawar da ainihin matsalar ba, domin abin da ake saye kowane wata yana nan a matsayin abin da ake saye kowane wata. Alƙawarin da kayan da ake sake amfani da su suka zo da shi shi ne a saya sau ɗaya a huta na tsawon lokaci. Na same su sun cika wannan alƙawari, sai dai suna da sharuɗɗan da ba a cika rubutawa a jikin kwali ba.

Saitin audugar da na saya ya ƙunshi manya biyu na dare, matsakaita huɗu na rana, da wata 'yar jaka da ruwa ba ya ratsa ta, wadda ake ajiye wadda aka cire kafin a samu damar wankewa. Kowace auduga hawa uku ce. Na sama yadi ne mai laushi da ke taɓa jiki, na tsakiya mai kauri ne da ke shan jinin, na ƙasa kuma an yi masa rufin roba mai sirantaka don kada jini ya ratsa zuwa tufafi. Tana da fiffike biyu masu maɓalli da ake naɗe su a ƙarƙashin kamfai. Duk wadda ta san ƙunzugun yadi da iyayenmu mata suka yi amfani da shi za ta gane cewa tunanin ɗaya ne, bambancin kawai shi ne wannan an ɗinka shi daidai da jiki, ba ya zamewa idan kamfan ya kama jiki sosai, kuma yana da abin da ke hana yoyo.

Wajen jin daɗin sawa, ta fi audugar leda, wato wadda ake jefarwa, nesa ba kusa ba. A da ina fama da ƙuraje da zafin fata a cinya duk ƙarshen al'ada, musamman lokacin zafi, saboda leda da turaren da ake sa wa wasu audugogin. Tun da na koma yadi wannan ya ɗauke. Ba ta ƙara idan ana tafiya, ba ta manne wa fata, kuma warin nan da kan tashi idan jini ya daɗe a cikin leda ya ragu ƙwarai. Wajen shan jini kuwa, matsakaiciyar tana kai ni awa huɗu zuwa biyar a ranakun da jinin yake daidai, amma a rana ta biyu, wadda ita ce mafi nauyi a gare ni, ba na barin ta ta wuce awa uku. Ta fi audugar leda kauri, kuma idan ta cika ana jin nauyinta da danshinta, wanda hakan ma yana da amfani domin yana tuna wa mace lokacin canji ya yi.

Ba duka audugar yadi ce ke da wannan inganci ba. Daga baya na ƙara sayen wani saiti mai rahusa don in ƙara yawan waɗanda nake da su, sai na tabbatar da cewa arha ba ta ado. Bayan wanki kamar goma rufin robar ya fara tsagewa, ɗinkin gefe ya warware, maɓalli ɗaya ya ɓalle, yadin sama kuma ya yi kaushi har yana goge fata. Saitin farko kuwa har yau yana aiki, duk da cewa launinsa ya dusashe kuma biyu daga cikin matsakaitan sun fara rage shan jini. Saboda haka wadda za ta saya ta duba ɗinkin gefe ko an ninka shi, ta ja maɓallin ta ga ko yana da ƙarfi, ta ɗiga ruwa kaɗan a sama ta ga ko yadin yana shanye shi nan take ko kuwa ruwan yana gangarewa. Wasu ƙasashe sun fara kafa ma'aunin inganci na musamman ga wannan kaya, Uganda na cikin waɗanda suka riga, kuma ina ganin duk ƙasar da ake raba wa 'yan makaranta irin wannan auduga tana buƙatar ma'auni, domin yarinyar da aka ba mara kyau ta zubar da jini a aji ba za ta sake yarda da kowace irin audugar yadi ba.

Wanki shi ne farashin da ake biya a madadin kuɗi. Da an cire ta ana jiƙa ta a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana dafa jinin ya kama yadi ya bar tabon da ba ya fita. Bayan kamar rabin awa sai a matse, a zubar da ruwan a makewayi, a wanke da sabulu na yau da kullum, a ɗauraye har sai ruwan ya fita fes kuma babu sauran kumfa, saboda sabulun da ya maƙale a yadi yana jawo ƙaiƙayi. Ba a sa mata sinadarin farar da kaya, ba a sa mata mai tausasa tufafi, kuma ba a ɗora dutsen guga mai zafi a gefen robar. Aikin bai wuce minti goma ba ga guda biyu ko uku, amma yana cin ruwa fiye da yadda na zata: jiƙo, wanki, da ɗauraya sau biyu ko uku, kullum har tsawon kwana biyar. Ni da nake da famfo a kusa ban ji nauyin wannan ba. Macen da ke tafiya mai nisa ta ɗebo ruwa a ka, wadda bokiti ɗaya ne za a sha a yi girki a yi wa yara wanka da shi, lissafinta daban ne, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa a 2022 mutum biliyan 2.2 ne ba su da ingantaccen ruwan sha da za su iya dogara da shi a inda suke zaune.

Shanya ta fi wanki muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin rayuwar wannan kaya ko mutuwarsa take. Audugar yadi tana buƙatar ta bushe ƙayau, a rana da iska, domin hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, danshi kuma yana raya su. To amma abin da lafiya ke nema shi ne ainihin abin da kunya ke hanawa. A wurare da yawa na duniya, daga Afirka har Kudancin Asiya, mace ba ta son mahaifinta ko yayyenta maza ko maƙwabta su ga ƙunzugunta a kan igiya, don haka sai ta shanya shi a ƙarƙashin gado, ko a bayan ƙofa, ko ta cusa shi a lungun banɗaki inda rana ba ta taɓa shiga. Da safe ta ɗauke shi da sauran danshi ta sa a jikinta. Wani bincike da aka yi a tsakanin matan da suka je asibiti a jihar Odisha ta Indiya, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu amfani da ƙyallen da ake sake wankewa sun fi masu amfani da audugar da ake jefarwa fuskantar alamun cututtukan gaba da na mafitsara. Wannan bincike bai sa na tsorata da yadi ba, ya sa na fahimci cewa yadin da ba a wanke da kyau ba, ba a kuma busar da shi a rana ba, yana iya zama cuta ga mai shi.

Na ɗanɗana wannan da kaina a daminar farko. An yi kwana uku ana ruwa ba a ga rana ba, audugar dare mai kauri ta ƙi bushewa, ni kuma da yake guda shida kawai gare ni, sai na sa wadda tsakiyarta ke da ɗan sanyi ina ganin ba komai. Kafin al'adar ta ƙare na fara jin ƙaiƙayi, sai da na je asibiti aka ba ni magani. Daga nan na koyi abubuwa biyu. Na farko, guda shida ba su isa ba ga mai zubar jini da yawa a lokacin da rana ke ɓuya, ana buƙatar takwas zuwa goma domin a samu busasshiya ko da yaushe. Na biyu, irin audugar da ake buɗe ƙyallen tsakiyarta a baza shi kamar hankici ta fi wadda aka ɗinke hawa ukun wuri ɗaya saurin bushewa, kuma tana da wata fa'ida da masu ƙera ta suka yi tunani mai kyau a kai: idan an shanya ta, ba mai gane ko mene ne. Wadda ke jin nauyin shanyawa a fili kuma tana iya rufa mata siririn mayafi a kan igiya, rana da iska za su ratsa. Da zan sake saye, irin mai buɗewar zan nema.

Matsala ta ƙarshe da na samu da audugar yadi ita ce fita waje. A gida komai da sauƙi, amma a wurin aiki ko a kan doguwar tafiya dole mace ta naɗe wadda ta cire, ta ɓalla maɓallin, ta sa a jaka, ta yi yawo da ita har ta koma gida. Jakar da ta zo da saitin tana riƙe danshi da wari yadda ya kamata, ban taɓa jin kunya saboda ita ba. Duk da haka na kan tuna da yarinya 'yar shekara goma sha uku a makarantar da banɗakinta ba ƙofa, ba ruwa, ba wurin rataye jaka, ga yara maza suna leƙen jakunkunan 'yan mata. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2024 ya nuna cewa makarantu biyu ne kacal cikin biyar a duniya ke koyar da ilimin al'ada, kuma waɗanda ke da kwandon zubar da audugar mata a banɗakin 'yan mata ba su kai ɗaya cikin uku ba. Inda banɗaki yake haka, kowace irin auduga aka ba yarinya za ta sha wahalar canzawa.

Kofin al'ada kuwa wani abu ne daban, kuma ya daɗe a duniya fiye da yadda mutane ke zato. Wata Ba'amurkiya mai suna Leona Chalmers ta yi rajistar irinsa tun 1937, amma bai yaɗu ba sai da aka fara yin sa da silikon na asibiti, wata irin roba mai laushi, a farkon shekarun 2000. Siffarsa kamar ƙaramar ƙararrawa ce, mai laushi, da ɗan wutsiya a ƙasa da ƙananan huji a kusa da baki. Ana ninke shi a shigar cikin farji, ya buɗe a ƙasan bakin mahaifa, ya manne da bango ya tare jinin. Ba ya shan jinin, tara shi yake yi, kuma yawancinsu suna ɗaukar mililita 20 zuwa 30. Idan lokaci ya yi a cire, a zubar, a ɗauraye, a mayar. Masu ƙera shi suna cewa guda ɗaya yana iya kai shekara goma.

Ba zan ɓoye ba, watanni biyun farko sun ba ni wuya har na kusa jefar da shi. Shigarwar tana yi mini zafi saboda ina ɗaure jiki, sau da yawa bai buɗe ba sai jini ya bi gefe, kuma ranar farko da na zo cirewa na ja wutsiyar kai tsaye, abin ya ƙi fitowa, hankalina ya tashi. Wata ma'aikaciyar jinya da ta girme ni ce ta warware mini. Ta ce, "Ƙanwata, wutsiyar nan ba don ja aka yi ta ba, don ki gane inda yake ne. Ki tsuguna, ki saki jikinki, ki matse gindin kofin da yatsu biyu har iska ta shiga, zai sake ki da kansa." Ta kuma nuna mini yadda ake tura gefe ɗaya na bakin kofin zuwa ciki ya yi tsini maimakon ninka shi biyu, da yadda ake jiƙa shi da ruwa kafin a shigar, a kuma zagaya yatsa a tabbatar ya buɗe. Takardar da ta zo cikin kwalin tana da hotuna, amma bayanin minti biyar daga bakin macen da ta saba ya fi ta amfani sau goma. A wata na uku na iya, kuma na rage tsawon wutsiyar da almakashi domin tana sukata idan na zauna.

Bayan na iya, kofin ya zama abin da na fi dogara da shi. Idan ya zauna daidai ba a jin sa ko kaɗan. A ranakun da jini yake kaɗan ina sa shi da safe in cire da yamma, a ranar da ya fi yawa kuma ina zubarwa duk bayan awa huɗu ko biyar. Masu ƙerawa sun bambanta kan iyakar lokaci, wasu na cewa awa takwas, wasu goma sha biyu, ni dai na tsaya a kan takwas. Babu wari, saboda jinin ba ya haɗuwa da iska, babu danshi a fata, kuma babu abin da za a shanya wani ya gani. Ruwan da yake buƙata kaɗan ne, ƙaramar gora ta isa a ɗauraye shi, wanda hakan ya sa a wurin da ruwa ke wuya ya fi audugar yadi dacewa. Akwai kuma wata fa'ida da ban yi tsammani ba. Kofin yana da layukan awo, don haka a karon farko a rayuwata na san yawan jinin da nake zubarwa. Likitoci suna ɗaukar abin da ya haura mililita 80 a al'ada ɗaya a matsayin zubar jini mai yawa da kan jawo ƙarancin jini, kuma mata da yawa suna rayuwa da wannan suna zaton haka kowa take. Mai kofi tana iya zuwa wurin likita da adadi a hannunta.

Abin da na gani a jikina ya yi daidai da abin da masana suka tattara. A 2019 mujallar Lancet Public Health ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 43 da suka shafi mata da 'yan mata sama da 3,300 a ƙasashe masu arziki da masu tasowa. An gano cewa yoyon kofi bai fi na auduga ba, wani lokaci ma ya fi ƙanƙanta, ba a ga ƙarin cututtukan gaba ba, kuma kusan kashi 73 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce za su ci gaba da amfani da shi. Nazarin ya kuma ƙiyasta cewa cikin shekara goma kuɗin kofi ɗaya bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na abin da mace za ta kashe a kan audugar da ake jefarwa ba. Ya tabbatar da cewa sabawa tana ɗaukar watanni, kamar yadda ta ɗauke ni.

Akwai haɗurra, kuma bai kamata mai tallata kofi ya tsallake su ba. Nazarin nan ya ambaci mata biyar da suka kamu da wata cuta mai tsanani da gubar ƙwayoyin cuta ke jawowa, wadda ke zuwa da zazzaɓi mai zafi kwatsam, amai, jiri da ƙuraje kamar ƙunar rana. Ba ta da yawa, amma tana kisa, don haka duk wadda ta ji irin waɗannan alamu ta cire kofin ta tafi asibiti nan take. Mace mai robar tazarar haihuwa a mahaifa ta tuntuɓi ma'aikaciyar lafiya tukuna, domin an samu waɗanda robar ta goce musu wajen cire kofi. Ba a sa shi don jinin biƙi. Macen da aka yi wa kaciya mai tsanani wadda ta ƙuntata gaba tana iya kasa amfani da shi gaba ɗaya. Sai kuma tambayar da iyaye mata suka fi yi a ƙasashe da yawa, wato batun budurci. Tantanin budurci fata ce mai sirantaka da ke kewaye da bakin farji, tana da kafar da jinin al'ada ke bi, kuma siffarta ta bambanta daga mace zuwa mace. Ƙaramin kofi yana iya miƙa ta. Gaskiyar ke nan, kuma na fi son a faɗa wa yarinya da mahaifiyarta haka su yanke shawara da saninsu, a kan a ce musu babu komai don kawai a samu su karɓa. Wadda hankalinta bai kwanta ba, audugar yadi tana nan.

Tsabtar kofi tana da nata sharuɗɗan. Dole a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da kuma bayan an gama, saboda yatsu suna shiga jiki, kuma wannan ya fi komai wuya a banɗakin kasuwa ko tasha inda babu ruwa. Na saba tafiya da gorar ruwa da ɗan guntun sabulu a jaka. Idan al'ada ta ƙare ana tafasa shi minti biyar zuwa goma a ruwa mai yawa don kada ya taɓa gindin tukunya ya ƙone, a bar shi ya bushe, a ajiye a jakar yadi, ba a cikin leda ko roba mai murfi ba. Tafasawar tana buƙatar wuta da tukunya ta musamman, kuma yarinyar da ke zaune cikin babban gida mai murhu ɗaya za ta rasa yadda za ta yi ba tare da an tambaye ta ba. Gwangwani mai tsabta da aka keɓe don wannan aiki yana wadatarwa. Haka nan kasuwa ta cika da kofuna marasa suna da ba a san da irin robar da aka yi su ba. Abin da zai zauna a cikin jiki awanni da yawa bai kamata a saye shi don arharsa kawai ba, a nemi wanda aka rubuta a fili cewa silikon na asibiti ne, da sunan kamfani da adireshinsa.

Ana yawan cewa da an ba 'yan mata auduga ko kofi za su daina fashin makaranta. Ina fata haka abin yake da sauƙi, amma shaidar da ake da ita ba ta kai nan ba. Masana tattalin arziki biyu, Emily Oster da Rebecca Thornton, sun raba kofuna ga 'yan makaranta a gundumar Chitwan ta Nepal, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun tarar cewa al'ada tana sa yarinya ta rasa ƙasa da rabin yini ne a shekarar karatu mai kwana 180, kuma kofin bai canza wannan ba, duk da cewa 'yan matan sun so shi. Wani gwaji a makarantun firamare 30 na karkarar yammacin Kenya, wanda aka wallafa a 2016, shi ma bai ga raguwar barin makaranta ba, amma ya ga raguwar wasu cututtukan gaba a tsakanin waɗanda aka ba kofi. A ganina wannan bai rage darajar kayan ba. Yarinyar da ta zauna a aji hankalinta a kwance, ba ta tsoron miƙewa don kada a ga tabo a bayan siket ɗinta, ta samu abin da rajistar halarta ba ta iya aunawa. Sai dai ciwon mara, rashin banɗaki mai ƙofa, da tsokanar yara maza ba abubuwa ba ne da kofi ke magancewa, kuma ƙungiyar da ta yi alƙawarin zai magance su ta ɗora wa kayan abin da ya fi ƙarfinsa.

Binciken Nepal ya nuna wani abu da ya fi burge ni, domin shi ne labarina da ma'aikaciyar jinyar nan: yarinyar da ƙawayenta suke da kofi ta fi saurin iya amfani da nata. Wannan ya kamata ya zama jagora ga masu rabawa. Kowace ranar 28 ga Mayu, wadda tun 2014 aka keɓe ta don tsabtar al'ada, ana raba kaya masu yawa a makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira. Idan aka miƙa kofi aka tafi, ba a bar wata mace da za a koma wa da tambaya a wata na biyu ba, yawancin kofunan a ƙasan akwati za su ƙare. Idan aka raba audugar yadi ba sabulu, ba bokiti, ba kamfai, alhali ba ta zama sai da kamfai mai kama jiki, an ba da rabin kaya ne.

Ta fuskar shara kuwa bambancin a bayyane yake. Audugar da ake jefarwa tana ɗauke da leda da ba ta ruɓewa da wuri, kuma inda ba a kwashe shara tana ƙarewa ne a masai ta cika shi kafin lokacinsa, ko ta toshe magudanar ruwa, ko a ƙone ta a bayan gida. Cikin shekara biyun nan fakiti biyu kawai na saya, duka a lokacin wata doguwar tafiya da na san ba zan samu ruwa mai tsabta ba, kuma ban ɗauki hakan a matsayin gazawa ba, domin akwai yanayin da audugar jefarwa ce mafi aminci ga lafiya.

Yadda nake yi yanzu shi ne kofi da rana, tare da siririyar audugar yadi a ƙasa a ranar da jini ya fi yawa, sannan babbar audugar yadi da dare da kuma ranar ƙarshe da jinin ya zama ɗigo. Ga yarinyar da ta fara al'ada, ko macen da ba ta son sa wani abu a cikin jikinta, ina ba da shawarar audugar yadi mai buɗewa, guda takwas ko fiye, muddin tana da ruwa da sabulu da wurin da rana ke faɗawa. Ga macen da ruwa ke mata wuya, ko ba ta da inda za ta yi shanya, ko take wuni a waje, kofi ya fi, da sharaɗin ta ba kanta wata uku kuma ta samu wadda za ta nuna mata. Saitin yadina na farko zai buƙaci canji kafin shekara mai zuwa. Kofin kuwa, ban da ɗan launin da ya sauya, yana nan kamar ranar da na fitar da shi daga kwali.